Idan Likita Ya Ce Babu Waraka, Wa Zai Hana Uba Gwada Wani Magani?

Baban Hafsa: Assalamu alaikum, jama'ar zaure. Ɗan ƙanena mai shekara bakwai ne ba shi da lafiya a nan Gusau. Tun bayan ƙaramar salla muka lura idonsa ɗaya ya karkace, yana tangaɗi idan yana tafiya, ruwa kuma yana sarƙe shi in ya sha. Hoton MRI ya nuna ƙari a gindin ƙwaƙwalwarsa, irin wanda likitoci ke kira DIPG. An ce wurin ba ya fiɗuwa, abin da ya rage shi ne gashi, wato ƙona ƙarin da hasken na'ura, na mako shida, kuma shi ma gashin ba warkarwa yake yi ba, kwana yake ƙarawa da izinin Allah. Yanzu wani ya turo mana bidiyon wani asibiti a ƙasar waje da ke ba da maganin gwaji, ƙanena ya ƙudurta sayar da gonarsa ya kai yaron, amma likitan da ke duba shi ya ƙi rubuta masa takardar tura mara lafiya. Ra'ayina shi ne, tunda su da kansu sun ce ba su da magani, to babu likita ko hukumar da ke da hurumin hana uba gwada duk abin da ya samu. Wanda ya faɗa ruwa, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Lauya: Allah ya ba shi lafiya. Ina tare da kai, Yaya. Ko a Amurka, inda dokar magunguna ke da tsauri, sai da aka kafa doka a watan Mayun 2018 wadda ta ba mai cutar ajali damar neman maganin da hukuma ba ta gama amincewa da shi ba. Idan waɗanda suka ƙera magungunan sun yarda cewa mai jiran mutuwa ba zai iya jiran shekarun bincike ba, ban ga dalilin da zai sa mu fi su tsanani ba.

Likita: Baban Hafsa, Allah ya sassauta wa yaron nan, ya ba iyayensa juriya. Abin da aka gaya muku gaskiya ne. Ƙarin yana tsirowa ne a inda jijiyoyin numfashi, haɗiya da motsin ido suka ratsa, kuma yana cuɗanya da lafiyayyen nama ta yadda wuƙa ba za ta raba su ba. Yawancin yara ba sa wuce shekara guda bayan an gano shi. 'Yar Neil Armstrong, mutumin da ya fara taka duniyar wata, wannan cutar ce ta yi ajalinta a 1962, kuma gashin da aka yi mata har yau shi ne ginshiƙin jinya. Saboda haka ba na ganin laifin uban da ya ɗaga kai yana neman wata ƙofa.

Inda na rabu da ku shi ne kalmar "gwaji", domin abubuwa biyu ne ake kira da suna ɗaya. Akwai gwajin da ke da rajista, kwamitin ɗa'ar bincike ya tantance shi, ana karanta wa iyaye illolin maganin kafin su sa hannu, ana rubuta sakamakon kowane yaro ko ya rayu ko ya rasu, kuma galibi ba a sayar wa mara lafiya maganin. Ta wannan hanya aka samu dordaviprone, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta ba izinin gaggawa a watan Agustan 2025, bayan wani ƙarin ƙwaƙwalwa mai dangantaka da wannan ya ragu a jikin kashi 22 cikin ɗari na mutum 50 da aka bibiya. Ku lura, su da kansu suka bayyana cewa bai yi wa mafi yawa aiki ba. Sannan akwai irin na Stanislaw Burzynski a birnin Hustan na jihar Tekzas, wanda tun shekarun 1970 yake ba da wani haɗi da ya fara tacewa daga fitsari da jinin mutane. Iyalai sun tara maƙudan kuɗi sun kai masa 'ya'yansu, amma har yau babu wani gwaji na kwatanta waɗanda aka ba haɗin da waɗanda ba a ba su ba da ya nuna haɗin yana warkarwa, kuma an san yana hauhawar da gishirin jini har ya kai matakin haɗari.

Barista, dokar da ka ambata ba ta ce "duk abin da ya samu" ba. Sharaɗinta shi ne maganin ya tsallake matakin farko na gwaji kuma ana ci gaba da bincikensa, sannan ba ta tilasta wa kamfani ya bayar ba, ba ta kuma ɗauke wa kowa kuɗin jinya ba.

Lauya: Na karɓi gyara a kan sharaɗin, Likita. Amma maganata tana nan: yaron nasa ne, gonar tasa ce. Idan ya yi asara, dukiyarsa ya yi asara.

Hajiya Babba: Ɗana Barista, ba dukiya kaɗai ake asara ba. Ina Kano a 1996 lokacin annobar sanƙarau, sa'ad da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Zana. Yara 200 aka sa cikin gwajin, 11 suka rasu, wasu suka nakasa, iyaye da dama kuma suka ce ba a taɓa gaya musu cewa gwaji ne ba. Kamfanin ya dage cewa cutar ce ta kashe su, aka yi ta shari'a har 2009 da aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Waɗancan iyayen ma cikin ruwa suke, kuma abin da aka miƙa musu suka kama. Ni tun daga ranar, duk abin da aka kira gwaji a kan yaro, ba na so.

Sista: Hajiya, a gafarce ni, amma kada mu ƙi duka. Magungunan da ke warkar da fiye da kashi 80 cikin ɗari na yara masu ciwon daji a ƙasashe masu arziki, ta hanyar gwaji aka same su. Abin da aka yi ƙorafi a kansa a Kano shi ne rashin sanarwa da rashin neman yarda. Mu a nan mun ga yadda aikin kirki yake a 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a yankin Anka da Bukkuyum: kowane yaro da aka ba magani ana ɗibar jininsa, a auna, a rubuta, a sake aunawa. Duk mai ba da magani da ba ya son a auna sakamakonsa, ni nan nake fara shakkarsa.

Malam Liman: Baban Hafsa, neman magani umarni ne, kuma ya tabbata a hadisi cewa Allah bai saukar da wata cuta ba face ya saukar da maganinta. Sai dai hadisin bai ce duk mai tallar magani shi ne ya san shi ba. Karin maganar da ka kawo ma ina so ka sake dubawa. Uba ne ke miƙa hannu, amma hannun yaro ne takobin zai yanka. Ɗa amana ne a hannun mahaifinsa, ba mallakarsa ba ne kamar gona, kuma ƙa'idar shari'a ita ce ba a cutarwa, ba a kuma rama cuta da cuta. Waliyyi yana zaɓar wa yaro abin da maslaharsa ta rinjayi ɓarnarsa bisa shaidar masana, ba bisa zafin zuciyarsa ba, ko da zafin na ƙauna ne.

Maman Sadiƙ: Na daɗe ina karantawa, ban so yin magana ba. Wannan cutar ce ta ɗauki ɗana yana da shekara shida. Bayan an gama gashi ya miƙe, idonsa ya daidaita, har ya koma Islamiyya da allonsa. A daidai lokacin muka fara ba shi wani ruwan magani da wani mutum ke aiko mana a jarka, sai muka ɗauka shi ne ya yi aikin, muka yi ta shaida wa mutane. Daga baya na fahimci cewa gashin da ƙwayar rage kumburi ne suka ba shi wannan sauƙin, kuma yawancin yara suna samunsa na 'yan watanni. Da ciwon ya dawo, mutumin ya ce a ninka. Ina tuna yadda nake danne shi a kan tabarma ina ɗura masa, fuskarsa ta kumbura, yana amai, yana cewa, "Mama, ki bari sai gobe." Kuɗin ba su dame ni ba. Watanni uku ɗin da yake iya cin tuwo da dariya, su na ɓata da ɗure. Ban ce kada ku nema ba, Baban Hafsa, domin ni ma da an hana ni a lokacin, da na ƙi jin maganar kowa. Amma ku fara gashin tukuna, kada ku jinkirta shi kuna jiran biza.

Likita: Allah ya jiƙansa, ya sa mai ceto ne. Baban Hafsa, babu wanda ya ƙwace wa ƙanenka ikon tafiya, likitan dai ya ƙi sa hannunsa a kan abin da bai yarda da shi ba, kuma wannan haƙƙinsa ne. Amma ku ma kuna da haƙƙin ya zauna da ku ya yi bayani. Ku rubuta wa asibitin can ku tambaye su sunan maganin, lambar rajistar gwajin, wace hukuma ta amince, yara nawa masu irin wannan ƙarin suka karɓa kuma nawa ke raye bayan shekara biyu, sannan me ya sa ku ne za ku biya. Duk amsar da suka bayar a rubuce, ku turo mini, zan karanta tare da ku. Idan gwaji ne na gaskiya kuma yaron ya cika sharuɗɗa, ni da kaina zan roƙi likitan ya rubuta takardar.

Baban Hafsa: Na gode, jama'a. Har yanzu ina ganin hukuncin ƙarshe na uba ne, kuma ba na jin daɗin yadda wasu likitoci ke cewa a'a su tashi ba tare da bayani ba. Amma Maman Sadiƙ, saƙonki na karanta wa ƙanena da matarsa yanzu bayan isha'i, babu wanda ya iya cewa komai. Ya amince mu wuce Sakkwato ranar Litinin mu nemi layin gashi. Dillalin gonar kuma na ce masa ya dakata har amsarsu ta zo. Likita, na kwafe tambayoyin, amma lambar rajistar nan, a ina ake duba ta a tabbatar ba ta bogi ba ce?