An tura maigidana aiki Chadi: mu bi shi ko mu zauna Damagaram?

Uwar yara uku, Sabon Gari:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ƙungiyar agajin da maigidana yake wa aiki ta tura shi Abeshe, gabashin Chadi, wajen ƴan gudun hijirar Sudan, shekara 2. Shi an shirya shi tsaf: paspo, katin rigakafin shawara, har zama aka yi da shi kan tsaro. Ni kuwa ba wanda ya kira ni ya ce ga yadda za a yi da gida. Babbar ɗiyata tana CM2, ajin ƙarshe na firamare, surukata tana wurinmu da ciwon suga. Wanda ya taɓa shiga irin wannan, don Allah ya faɗa mini abin da ya gani.

Malamin lafiya, Garin Malam:
Wa alaikumus salam, ƴar uwa. Na yi wata 18 a Njamena. Kafin komai ya tambaya ko an yarda a kai iyali can, don wuraren aikin agaji da yawa ba a yarda. Sai maganar kuɗi. Sefar Chadi ta Afirka ta Tsakiya ce, darajarta ɗaya da tamu amma ba za ki sayi ko albasa da ita a Kasuwar Dole ba, kuma kowane aike da abin da ake cirewa. Ni sai da na sha wuya wata 3 kafin na nemi a riƙa zuba rabin albashina a asusun banki nan Damagaram. Ya sa a rubuta wannan a takarda. Haka hutu: a rubuta tikiti har gida, ba Yamai kaɗai ba. Yamai zuwa nan kusan kilomita 900 ne, zuwa da komawa a mota kwana 2 sun tafi cikin hutunsa.

Mai ɗinki, Birni:
Ni ce na zauna, yaya, shi ya sa maganarki ta taɓa ni. Kamfani ya tura mijina horo Sin wata 8. Suna gabanmu da awa 7, lokacin da na gama aikin gida na kwantar da yara shi yana tsakiyar barci. Wani dare ɗan autana ya yi zazzaɓi har yana fizge-fizge. Na goya shi na tsaya bakin titi na tari mai babur, ƙanen mijin bai ɗaga waya ba. Da safe na je karɓar magani da takardar inshorar aikinsa, aka ce sai da sa hannun mai ita. Na sayar da turmin atamfa biyu na biya. Har yau in na tuna tsayuwar nan wurin karɓar magani da yaro a baya, zuciyata tana ɓaci, don abu ne da za a gyara da takardar wakilci guda kafin ya tashi.

Ki sa ya yi miki ita a hukumance, ta banki da ta asibiti. Ya kuma tara ƴan uwansa ya faɗa da bakinsa wa zai riƙa kai Inna awo, wa zai tsaya kan kuɗin ƴan garuwa in famfo ya ɗauke. In ba a faɗa gaban kowa ba, duk kanki zai dawo, in kin yi magana a ce kin cika ƙorafi.

Amma akwai wata baiwar Allah a ofishinsu da ta riƙa leƙo ni duk ƙarshen wata, ba wanda ya sa ta. Ta zauna kan tabarma ta sha fura, ta tambayi karatun yara. Allah ya saka mata.

Maman tagwaye, Zango:
Mu mun bi shi Dakar. Yara ba su wahala ba tunda lakwal da Faransanci ake yi, ni ce na ji jiki. Kasuwa Wolof ake yi, na bar sana'ata da adashina, yini nake ba mai ce mini sannu. Kuka da daddawar da na ƙulla a leda su na riƙa lallaɓawa. In dai za ku tafi, kada ki cire yarinya tsakiyar shekara, ki bari sai buɗewar Oktoba, ki riƙe takardun haihuwa da na makaranta a hannunki.

Tsohon soja, Kara-Kara:
Ɗiyata, ku shirya dawowar ma. Da na komo daga aikin kiyaye zaman lafiya a Mali, ɗana mai shekara 3 ya ɓuya bayan uwarsa, kwana 10 bai yarda na ɗauke shi ba. Ki riƙa nuna musu shi a waya, ko minti 5 ne. Chadi lokacinmu ɗaya da su, wannan kam an rage miki.

Uwar yara uku, Sabon Gari:
Na gode Baba, na gode ku duka. Ya tambaya, sun ce ba a kai iyali inda zai zauna, don haka muna nan. Litinin zai je ofis da maganar rabin albashi da tikitin hutu, na ce ni ma zan bi shi su gan ni. Ƙanwata ta Birni, takardar wakilcin nan daga baya a ina kuka yi ta, wajen notar mai tabbatar da takardu ko a ma'aikatar magajin gari?