Neman kalma: yaya za mu ce "microclimate" da Hausa?

Mai Shirin Muhalli: Salamu alaikum malamai. Gobe ƙarfe 8 na safe zan ɗauki shiri a kan binciken zafin tituna a Hong Kong. Bayan annobar ciwon numfashi ta SARS a 2003, gwamnatinsu ta sa aka binciki yadda dogayen benaye da aka jera kamar katanga ke tare iska, har a 2006 aka fara wajabta auna shigar iska kafin manyan gine-ginen gwamnati. Kalmar "microclimate" ce ta tsaya min a wuya. Tana nufin yanayin ɗan wuri guda, kamar titi ɗaya ko tsakanin bene biyu, wanda ya sha bamban da na sauran gari. A taimaka don Allah.

Malamar Jogirafi: Wa alaikumus salam. A aji "ƙaramin yanayi" nake cewa, amma kullum sai na ƙara bayani, don yara suna ɗauka yanayi ne marar ƙarfi.

Ɗan Cikin Badala: "Yanayin lungu" mana. Ku shiga lungunan cikin gari da azahar a watan Afrilu, bango na jefa wa bango inuwa, zauren laka da sanyinsa. Kana fitowa bakin titi hucin kwalta ya dake ka a fuska. Abin da masu binciken ke aunawa ke nan: zafin iska, laimarta, gudunta, da hucin da bango da ƙasa ke fitarwa.

Tsohon Mai Fassara: Duk dogon zance ne. Tun tuni na ƙirƙiri "yangurbi", daga yanayi da gurbi. Kalma ɗaya tak, kamar ta Turawa. Sai yaushe za mu daina jera kalmomi uku a inda wasu ke faɗin ɗaya?

Malamar Jogirafi: Allah ya gafarta Malam, rediyo ne fa. Mai sauraro "'yan gurbi" zai ji, ya zaci wasu mutane ake nufi.

Tsohon Mai Fassara: Da "ɗumamar yanayi" ta fito, an san ta? Yawan faɗa ne ya zaunar da ita. Ku dai sai abin da BBC ta faɗa.

Ba-Damagare: Ni abin da ke damuna, kullum Hausar Kano ake mayarwa ma'auni. Mu nan daga Faransanci muke fassarowa, ba wanda ke tambayarmu. Kuma lungu na birni ne. Fadama fa, ko gindin kuka a daji? Su ma suna da nasu yanayin.

Ɗan Cikin Badala: Malam, ba gorin gari na kawo ba, misali na bayar. Amma batun fadama ka yi gaskiya.

Malamar Jogirafi: To "keɓantaccen yanayi"? Ya ɗauki lungu, ya ɗauki fadama.

Tsohon Mai Fassara: Ya yi nauyi a baki. Amma ya fi "ƙaramin yanayi", wannan kam na yarda. Ni dai a rubutuna yangurbi zan ci gaba da sawa.

Mai Shirin Muhalli: Na gode ƙwarai. Gobe zan fara da "keɓantaccen yanayin wuri", in kawo misalin lungu da kwalta, daga nan in riƙa cewa "yanayin wurin". Saura "thermal comfort", na sa "sakewar jiki a zafi ko sanyi" kafin a samu wadda ta fi.

Ba-Damagare: A saka fadama a misalin ma.