Wace irin faɗa-wuta ce take zuwa tagata a watan Maris?

Baƙon Ingila:
Assalamu alaikum. Ina zaune a arewacin Ingila, kuma akwai ɗan kurmi a bayan gidan da nake haya. Tun tsakiyar Maris, da sanyi ya fara sassautawa, nakan tarar da wata faɗa-wuta manne da gilashin tagar kicin da dare. Launinta toka-toka ne mai sirkin ja, kuma a tsakiyar kowane fiffike akwai baƙin tabo mai lanƙwasa, sai ka ce da tawada aka zana shi. Na duba hotuna na ga iri biyu masu kama da ita, Orthosia gothica da Xestia c-nigrum. Wacce ce a cikinsu?

Mai Lambu:
Wa alaikumus salam, Malam. Watan da ka gan ta ya raba gardama, domin gothica ce take tashi daga Maris zuwa farkon Mayu, ɗayar kuwa ba ta bayyana sai wajen Mayu, kuma ta fi yawa daga Agusta zuwa Oktoba. Turawan Ingila suna kiran taka Hebrew Character saboda tabon ya yi kama da harafin nun na Ibrananci, sunan gothica kuma Linnaeus, masanin halittu ɗan ƙasar Sweden, ne ya raɗa mata a 1758. Abin da ya sa take sammako shi ne, tun bara tsutsarta ta shiga ƙasa ta rikiɗa, ta wuce hunturu a cikin kwasfarta da fikafikanta cikakku.

Ɗan Tsangaya:
Na yarda da Mai Lambu, sai dai dogaro da wata kaɗai yana iya yaudarar mutum a Mayu, lokacin da su biyun kan haɗu. A duba gefen gaba na fiffike: c-nigrum tana da fari-farin tabo mai kusurwa uku da ya kutsa cikin baƙin, gothica kuwa ba ta da shi. A Sikotilan ma akan sami gothica wadda baƙin tabonta ya dushe ƙwarai.

Baƙon Ingila:
Na gode muku. Jiya na rufe ɗaya da kofin gilashi na duba ta da tocila, ban ga farin tabon ba. Dogon gashin nan mai kama da ƙaho da ke kanta yana da ƙananan haƙora kamar na mataji, wanda na karanta cewa alamar namiji ce. Na sake ta a gindin itacen wilo da ke bakin kurmin, inda na tarar da wasu uku suna shan ruwan furensa.