Archive da Hausa: taska, rumbu ko ma'ajiya?

Assalamu alaikum jama'a. Ina cikin rubuta ɗan littafin jagora da Hausa don ɗaliban tarihi masu shirin fara bincike, sai na cije tun a shafin farko. Kalmar archive, wato wurin da ake adana tsofaffin takardu don masu bincike, ita ce ta tsaya mini a wuya. Shekaranjiya na jefo tambayar me za a kira shi da Hausa, kun kuwa ba ni amsoshi har sun fi ƙarfin aljihuna. Bari in bi su, in faɗi inda zuciyata ta kwanta.

Mafi yawanku kun ce "gidan tarihi". Wannan kam ban karɓa ba, kuma ina da dalili. Ranar da na fara zuwa Kaduna neman rahoton harajin gundumarmu na zamanin Turawa, na ce wa mai adaidaita ya kai ni gidan tarihi. Bai yi wata-wata ba ya sauke ni a titin Ali Akilu, inda ake nuna tukwane da kayan yaƙi da sassaƙen mutanen Nok. Ni kuwa titin Yakubu Gowon nake nufi, inda ofishin adana takardun yake. Bawan Allah bai yi laifi ba, abin da na faɗa ya ji. A bakin Bahaushe gidan tarihi shi ne irin Gidan Makama na Kano: ka shiga, ka ga sulke da kwalkwali, ka fito. Wancan wurin kallo ne. Wanda nake nema wa suna wurin zama ne, a ɗauko maka fayil ka buɗe ka karanta.

Kuma ba laburare ba ne. Littafin laburare in ya ɓata akwai ɗan'uwansa a wani gari. Takardar archive sau da yawa ita kaɗai ce a duniya: wasiƙar da sarki ya aika wa Razdan, littafin shari'ar alƙali, lissafin jangali. Ba don a karanta su a makaranta aka rubuta su ba, aiki ne ya haife su, da aikin ya wuce aka adana. Duk wanda ya zauna a ofishin na Kaduna ya san lambobin nan, SNP na takardun sakataren jihar Arewa, SOKPROF na lardin Sakkwato, KANPROF na Kano, ZARPROF na Zariya. Tsarin da ofishinsu na asali ya bar su a kai, shi ake kiyayewa. Tun 1954 da aka buɗe ofishin adana takardun Nijeriya a Ibadan, bisa ƙoƙarin masanin tarihi Kenneth Dike, har aka yi rassa a Inugu da Kaduna, ga shi yau shekara 70 da ɗoriya muna kiran wurin da sunan aro.

Yaya, ke kika kawo "rumbu", kika ce ai har "rumbun adana bayanai" ake cewa a harkar kwamfuta. Gaskiyarki, kalmar tana da daɗin ji, kuma ta gida ce. Abin da ya hana ni: hatsin rumbu don a ci aka zuba shi. Ana ɗiba yana raguwa, kafin kaka ta zagayo an ga ƙasansa. Takarda kuwa in ta shiga wurin nan, mutum dubu za su karanta ta amma ba a yarda ko kusurwarta ta ragu ba. A bar wa masu kwamfuta rumbunsu, sun riga sun saba.

"Ma'ajiya" ta yi faɗi da yawa. Banki ma'ajiya ne, sito ma'ajiya ne, har cikin waya akwai ta.

Sai "kundi", wanda Baba Malam ya kawo. Allah ya gafarta malam, a nan na fi daɗewa, domin ka taɓo mini abin da na sani tun ina yaro. Kundin kakana yana cikin gafaka, warƙoƙi ne warwatse ba ɗinki, an matse su a tadarishi an ɗaure da tsirkiyar fata. In ka ɗaga warƙa ɗaya ka haska ta a rana, za ka ga jinjirin wata uku a jikin takardar, alamar takardun Italiya da fatake suka riƙa ƙetaro Sahara da su. Gefe guda gara ta ɗan taɓa, amma tawadar tana nan baƙi ƙirin. Wannan shi ne kundi: tarin takardu guda, na mutum guda ko na magana guda. Shi ya sa "kundin tsarin mulki" da "kundin digiri" suka zauna daram. To amma malam, kundi abin da ake ajiyewa ne, ni kuwa ina neman sunan inda ake ajiye kundaye dubu. Zan riƙe kalmarka, in ba fayil ita. A ce kundi mai lamba kaza, ya fi mini daɗi nesa ba kusa ba.

Inda na tsaya: taska.

Taska ɗakin ciki ce da maigida ko sarki ke ajiye abin da yake ji da shi. Ba a shigarta da ka, ba a kwashe abin cikinta don cefane, kuma abin da ke ciki gado ne. Duk siffofin nan uku na archive ne. In ana son bambancewa sai a ce taskar takardu. Ta Kaduna ta zama Taskar Takardu ta Ƙasa. Gidan Arewa na Kaduna, wanda masanin tarihi Abdullahi Smith ya assasa a 1970 a gidan da Sardauna ya zauna, yana da gidan tarihi a gefe guda, da taska a ɗaya gefen. Kun ga jimla ɗaya ta ɗauki kalmomin biyu ba su yi karo ba. Haka za a ce taskar Waziri Junaidu a Sakkwato, da taskar rubuce-rubucen Larabci da ajami ta cibiyar bincike ta IRSH a Yamai, wadda marubucin Nijar Boubou Hama ya tara harsashinta.

Ƙanena ɗalibi ya yi ƙorafi mai ma'ana, ya ce taska tana da ƙamshin kulle, alhali ana so mutane su zo su karanta. Ƙanena, na ji ka, kuma abin yana damuna ni ma. Sai dai abin da ke buɗe irin wannan ɗaki littafin da ke lissafa abin cikinsa ne, wanda malamanmu na zaure suka daɗe suna kira fihirisa. Ba sai mun ƙirƙiro wata ba. Gidauniyar Al-Furqan ta Landan ta buga fihirisar rubutun hannu na taskar Kaduna, aikin Baba Yunus Muhammad. John Hunwick kuma ya fitar da juzu'i na 2 na Arabic Literature of Africa a 1995, wanda ya jero marubutan wannan yanki namu da littattafansu da inda kwafinsu yake, har da su Shehu Usmanu da Abdullahin Gwandu da Muhammadu Bello da Nana Asma'u. Abin da ke ci mini rai shi ne ɗalibin da Hausa ce ƙarfinsa ba ya iya amfana da su sai da ɗan jagora. Dalilin littafin nawa ke nan.

Don haka a shafin farko zan rubuta taskar takardu, kundi, fihirisa. Saura sunan ma'aikacin. "Ma'aji" sarauta ce ta mai kula da baitulmali, ba na son a haɗa su, shi ya sa nake karkata ga "mai kula da taska", ko da yake ta yi tsawo. 'Yan'uwanmu na Damagaram da Maraɗi, ku da kuka gaji kalmar ta hanyar Faransanci, me kuke ce wa mutumin da ke ɗauko muku kundi in kun je? Ina so abin da zan buga ya karantu a Kano ya karantu a Yamai, kuma ranar Litinin nake miƙa babin ga mai duba mini.