Marubuci ne ko ɗan rakiya? Yadda aka kwashe a zauren tsofaffin ɗaliban kimiyya na Jos

Baban Ummi: Salamu alaikum. Ni fa abin nan ya tsaya mini a wuya. Jiya aka tara mu don karrama wani yaro da ya zo hutu daga Amurka, wai masanin igiyoyin girabiti ne, wato girgizar da ke ratsa sararin samaniya idan manyan abubuwa suka yi karo, wai an ambaci aikinsa sau dubun dubata a Google Scholar, shafin da ke ƙirga sau nawa wasu masana suka kafa hujja da takardun binciken mutum. Na koma gida na buɗe shafin nasa. Duk takardun da suka tara masa ambaton na LIGO ne, ƙungiyar masanan da ke farautar igiyoyin nan, kuma takardarsu ta 2016 da ta sanar da kama su, ita kaɗai marubutanta sun haura dubu. Ni da nake rubuta tawa ni kaɗai da kuɗin aljihuna, kwamitin ƙarin girma ya ce ambatona bai kai ba. Don Allah wanda sunansa ke tsakiyar mutum dubu, marubuci ne ko ɗan rakiya?

Maman Khalifa: Wa alaikumus salam. Yaya, ɗan rakiya fa ka ce? Yaron da muka san irin wahalar da mahaifiyarsa ta sha a Gangare kafin ya kai nan? Ka janye wannan kalma.

Ɗan Bukuru: Malam bai yi ƙarya ba. Kowa ya san ana cusa suna a takarda. A nan ma ana yi: sa ni a taka, in sa ka a tawa.

Malamin Fiziks: Ɗan Bukuru, ba abu ɗaya ba ne. Einstein ya yi hasashen igiyoyin nan tun 1916, amma sai ran 14 ga Satumba 2015 aka kama ta farko, daga karon baƙaƙen ramuka biyu, wato wurare a sararin samaniya da ko haske ba ya kuɓuta daga jansu, da ke nesa da mu tafiyar haske ta shekara kusan biliyan 1.3. Na'urorin LIGO da suka kama ta biyu ne, ɗaya a Livingston ta jihar Luwiziyana, ɗaya a Hanford ta jihar Washinton, kowacce tana da hannuwa biyu masu tsawon kilomita 4. Motsin da suka auna bai kai faɗin furoton, ɗan ƙwayar da ke cikin ƙwayar zarra, ba, nesa ba kusa ba. Akwai mai kula da madubai, akwai mai hasken leza, akwai mai hana girgizar ƙasa shiga awon, akwai mai rubuta manhajar da ke tace hayaniya. Wanne za ka cire a cikinsu aikin ya tafi? Sannan sunayen bisa jerin baƙaƙe ake tsara su, shi ya sa ake kiran takardar Abbott da sauransu. Zama a tsakiya ba ya nuna komai sai harafin da sunanka ya fara da shi.

Baban Ummi: Madalla, ka taimake ni. In zama a tsakiya ba ya nuna komai, to ta ina za mu san abin da shi ya yi?

Maman Khalifa: Ka janye ɗan rakiya tukuna, sannan a yi maganar harafi.

Na Rikkos: Ni ban ga zagi a nan ba. Ko amarya da 'yan rakiya take shiga gidanta, kuma babu wanda ya ce aibu ne.

Maman Khalifa: Kai kuma wa ya sa da kai? Ashe kana nan? Tun watan azumi ake cigiyarka kan kuɗin adashi.

Na Rikkos: Hajiya, wannan ba wurinsa ba ne. Na ce miki in albashi ya shigo.

Ɗan Bukuru: To in duk marubuta ne, me ya sa Nobel ta 2017 mutum uku kawai aka ba? Weiss da Barish da Thorne. Su ne masu gayya, saura 'yan kallo.

Malamin Fiziks: Ƙa'idar Nobel ce ba a raba ta ga fiye da mutum uku. Wata babbar kyautar kimiyya, Breakthrough ta 2016, ai ta haɗa da sauran: dala miliyan 3 ce, miliyan 1 ga waɗanda suka assasa aikin, miliyan 2 aka raba wa sauran mutum fiye da dubu. Amma gaskiya ɗaya ce, Yaya yana da hujja ta wani gefe. Ma'aunin h na auna tasirin mai bincike, wanda masanin fiziks Hirsch ya fito da shi a 2005, ba ya duba yawan marubuta. In kana da takarda 20 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 20, ma'auninka 20 ne, ko kai kaɗai ka rubuta ko ku dubu ne. Kuskure ne a ɗora ɗan LIGO da mai binciken ƙasar tsoffin ramukan kuza a sikeli ɗaya.

Ɗan Bukuru: Yanzu kuma 'yan kuza ka raina? Kakannina a kuza suka ci abinci.

Malamin Fiziks: Subhanallahi, kare su fa nake yi!

Maman Khalifa: Yanzu an tashi daga ɗan rakiya an koma ɗan kallo. Hassada ce kawai. Da ɗan Anguwan Rogo ne da tuni an cika mana waya da hotunansa.

Baban Ummi: Ni zan yi wa yaron da ke kamar ɗan cikina hassada? Ni na koya masa lissafi a aji uku. Kuma jiya ko a jawabinsa bai ambace ni ba.

Na Rikkos: Au, ashe ambaton da ake nema ke nan.

Baban Ummi: Ka biya adashi kafin ka yi mini ba'a.

Shugaban Zaure: Jama'a ya isa haka, an kira la'asar. Ga abin da na fahimta. Kowa ya amince yaron nan, wanda ɗan ƙanwata ne kuma na san ƙwazonsa tun yana ƙarami, ya cancanci karramawar jiya. Malamin Fiziks ya tabbatar da hujjoji cewa duk wanda sunansa ke takardar LIGO gwani ne. Baban Ummi ya yi magana cikin ɓacin rai, muna sa ran zai janye kalmarsa kafin magariba. Batun kwamitin ƙarin girma ba hurumin zauren nan ba ne. Na Rikkos ka same ni ta bayan fage.

Malamin Fiziks: Ranka ya daɗe, ni ban ce haka ba.

Shugaban Zaure: Na rufe zaure sai gobe.