Windows Ɗin Gwaji a Kwamfutar Shago: Leƙen Asiri Ne Ko Kuwa?

Sani Mai Shago: Salamu alaikum jama'a. Ku raba ni gardama da yarona Nura. Jiya na dawo daga Argungu na iske ya ɗora Windows ɗin gwaji, na shirin Insider, a kwamfutar da muke buga wa mutane takardu. Na ce ya cire. Ni a sanina, duk harafin da ka danna a kai Microsoft na kwashe shi zuwa Amurka. Shi kuwa wai tsoro ne irin na manya.

Nura: Oga, da girmanka, zancen nan ya tsufa. Tun ina firamare aka yi wannan hayaniya.

Malam Bashir Jega: Hayaniyar kam an yi ta, kuma da dalili. Ranar 1 ga Oktoba 2014 Microsoft ta saki Windows 10 na gwaji, wata tara da ɗoriya kafin na kowa da kowa ya fito a ƙarshen Yulin 2015. Takardar sirrin da ta zo da shi ba ta ɓoye komai ba. Ta ce idan ka buɗe fayil za su iya ɗaukar bayani a kansa, da manhajar da ta buɗe shi, da tsawon lokacin da ya ɗauka. Idan ka yi magana don a mayar rubutu, za su iya ɗaukar muryar. Idan ka buga rubutu, za su iya ɗaukar haruffan don inganta gyaran kalmomi. Wannan na ƙarshen ne ya tayar da ƙura. Sai dai Alhaji Sani, cewa duk harafi ana kwashewa ana ajiyewa, ka ɗan ƙara gishiri.

Nura: To kun ji. Sun faɗa tun farko. Wanda ya yi sallama aka amsa masa ai ba ɓarawo ba ne. Kuma abu ne da ba a gama ba, ta ina za su san inda yake tuntuɓe idan ba su duba ba? Bakanike ma sai ya saurari inji.

Anti Rabi: Nura, tsakaninka da Allah, ka karanta sharuɗɗan kafin ka danna ka amince?

Nura: Na dai duba sama-sama, Anti.

Anti Rabi: Haka nake zato. Amma ko da ka haddace su, ba nan damuwata take ba. Kai ka amsa sallamar, amma ɗakin ba naka ba ne. Makon jiya a shagon nan na buga takardar rabon gadon mahaifinmu. Yara na zuwa da lambar NIN don rajistar JAMB, wasu da BVN, wasu da sakamakon asibiti. Wa ya tambaye su ko sun yarda a yi gwaji da su?

Sani Mai Shago: Allah Ya saka, Hajiya. Abin da ke bakina ke nan na kasa faɗa.

Usman Ɗan Poli: Ni fa ina bayan Nura. Wayoyin da ke hannunmu duka suna aika bayanai dare da rana, ba wanda ya ce uffan. Sai Windows?

Malam Bashir Jega: Akwai bambanci, Usman. A Windows 11 na kowa, kana iya rage abin da ake aikawa zuwa wanda suka ce dole ne kawai. A Insider kuwa sai ka kunna ƙarin bayanan kafin su riƙa turo maka sabon gwaji. Kuɗin shiga ke nan. Ko na kowan ma bai tsira ba: a Yulin 2016 hukumar kare bayanai ta Faransa, CNIL, ta umarci Microsoft ta daina tara bayanai fiye da kima a Windows 10, ba ta rufe maganar ba sai 2017 bayan an yi gyara. Ga kuma Recall da suka sanar a Mayun 2024, mai ɗaukar hoton fuskar kwamfuta a kai a kai. Da masana tsaro suka yi ca, aka ɗage shi, aka mayar sai wanda ya kunna da kansa, kuma 'yan Insider aka fara ba shi.

Nura: Malam, Recall a cikin kwamfutar yake ajiya, kuma sai a sababbin kwamfutocin nan da ake kira Copilot+ yake aiki. Tamu 'yar Kwatano ce, ko kusa ba ta kai nan ba.

Malam Bashir Jega: Wannan gaskiyarka ce, na karɓa. Amma su kansu Microsoft tun 2014 suka ce kada a ɗora na gwaji a kwamfutar da ake aikin yau da kullum da ita.

Anti Rabi: Kuma tun Yunin 2023 muna da dokar kare bayanan mutane a Nijeriya. Mai takarda idan ya tashi ƙorafi, ƙofar Alhaji Sani zai fara bugawa, don shi ya miƙa wa takardarsa.

Usman Ɗan Poli: Har yanzu dai ba wanda ya nuna min cewa leƙen asiri ne.

Sani Mai Shago: Kira shi duk sunan da ka ga dama. Nura, a fita daga shirin kafin Magariba.

Nura: Oga, irin wanda na ɗora ba ya fita haka kawai, sai an goge komai an sake ɗorawa. Bari in kwashe fayilolin mutane tukuna, in an kawo wuta. Amma tsohuwar kwamfutar nan da ke ƙarƙashin tebur, a bar mini ita in ci gaba da gwajina.

Sani Mai Shago: Ɗauka. Batirinta ya mutu, caja kuma kai za ka saya.