Muhawara: Baki ne ya ci ƙuri'ar Dala 15 a Fulorida, ko aljihu?

Malam Isyaku:
Ga da'awata, duk mai ja ya matso. Masu fafutukar kawo sauyi a Amurka ba sa faɗuwa don manufarsu ba ta da kyau, suna faɗuwa ne don ba su iya raɗa wa abu suna ba. A Nuwamban 2020, ranar da Trump ya ci jihar Fulorida, a ranar ce mutanen jihar suka amince da ƙara mafi ƙarancin albashi zuwa Dala 15 a awa, da kusan kashi 61 cikin ɗari. Dokar jihar kashi 60 take nema, ke nan dubun dubatar masu Trump sun dangwala wa abin da 'yan jam'iyyar Democrat, abokan hamayyar Trump, ke kira nasu. Me ya jawo? Taken ya faɗi kuɗi, bai faɗi aƙida ba. Tun yajin aikin ma'aikatan gidajen abinci na New York a 2012 ake cewa "15", lamba ɗaya da mai wanke kwano zai iya lissafawa a kansa.

Hajiya Rabi:
Malam, ka ba wa kalma ladan da ba nata ba. Mafi ƙarancin albashi na gwamnatin tarayya yana Dala 7.25 a awa tun 2009, na Fulorida kuma 8.56 ne a 2020. Wanda ke karɓar wannan ba ya buƙatar mai fasahar magana. Abin da ya kwantar da hankalin masu shaguna tsarin ne: a hau Dala 10 a Satumban 2021, sannan a riƙa ƙara Dala ɗaya duk shekara har ya kai 15 a 2026. Da an ce gobe a biya 15, da wuya a haye kashi 60. Kuma in take ne ke ci, me ya hana shi ci a Majalisar Dattawan Amurka a Maris ɗin 2021? An kai wannan 15 ɗin, ta samu ƙuri'a 42, aka kayar da ita da 58, har da takwas daga ɓangaren Democrat.

Malam Isyaku:
Hajiya, sanatoci ba masu zaɓe ba ne, lissafinsu daban. A kan talaka nake magana.

Barista Nura:
Ku bar ni in shigo da akasin misalin, don nan ne abin ya fi fitowa. Bayan da ɗan sanda ya kashe George Floyd, wani baƙar fata, a Mayun 2020, taken da ya cika tituna shi ne a janye wa 'yan sanda kuɗi. Da yawa daga masu faɗinsa abin da suke nufi shi ne a karkatar da wani kaso na kasafin zuwa ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa da masu sasanci, yadda in an kira don mai taɓin hankali ba ɗan sanda da bindiga zai zo ba. To amma taken bai faɗi haka ba. Ya faɗi abin da za a ɗauke, bai faɗi abin da za a kawo ba. Mai shago da aka fasa masa ƙofa jiya abin da ya ji shi ne: gobe in ka kira, babu mai zuwa. A Nuwamban 2021 birnin Miniyafolis kansa, inda abin ya faru, ya ƙi shirin maye gurbin rundunar da wata ma'aikatar tsaron jama'a, da kusan kashi 56. Takardar ƙuri'ar ba ta ɗauke da wancan taken ba, amma ya riga ya manne wa shirin kamar ƙaya a riga. Duk taken da sai ka biyo shi da "abin da muke nufi shi ne", ka riga ka sayar da rabin masu saurare.

Hajiya Rabi:
Barista, a nan ma ina da ja. A wannan shekarar kashe-kashe sun ƙaru a birnin, kuma 'yan sanda da yawa sun bar aiki. Mutum yana jin harbi da dare, ko da wane suna ka zo masa zai ce a'a. Yanayi ne ya kayar da shirin, taken ya dai ƙara gishiri.

Dakta Habu:
Ku duka kuna da rabo, amma abin yana aunuwa, ba sai an yi ta musu ba. A 1981 Tversky da Kahneman, masana halayyar ɗan Adam, sun ba mutane labarin annoba da za ta kashe mutum 600. Da aka ce wani shiri zai ceci 200, kashi 72 suka zaɓe shi. Da aka faɗi shirin nan dai da cewa 400 za su mutu, kashi 22 kawai suka so shi. Lissafi ɗaya ne. Ke nan kalma tana motsa mutum. Sai dai wannan annobar takarda ce, babu wanda ya san ta kafin ya shigo ɗakin. Inda mutum ya riga ya daɗe da ra'ayi, ko yana jin kalmar abokin hamayya kullum a talabijin, tasirin yana raguwa sosai.

Yadda ake gwadawa: a raba masu amsa gida biyu ta hanyar ƙuri'ar sa'a, ba zaɓin hannu ba. A canja kalma ɗaya tak, sauran jimlar ta zauna yadda take. In kowane gida mutum 500 ne, kuskuren awo ya kai maki huɗu da ɗoriya a kowane ɓangare, don haka tazarar maki uku ba nasara ba ce, hayaniya ce. Kuskuren da aka fi yi shi ne gwada saƙo a kan 'yan ƙungiya. Su za su tafa wa komai. Wanda ake nema shi ne na tsakiya, kuma a karanta masa martanin abokin hamayya kafin a sake tambayarsa. Saƙon da ya tsira bayan an soke shi, shi ake bugawa a allo.

Malam Isyaku:
Dakta, ka taimake ni ba ka sani ba. Ƙara da wannan: kada ka maimaita kalmar abokin gaba ko da don ƙaryata ta. 'Yan jam'iyyar Republican sun raɗa wa harajin gado "harajin mutuwa". Duk ɗan Democrat da ya tashi ya ce "wannan ba harajin mutuwa ba ne" ya sake shuka kalmar a kunne. Mu ma nan mun ga irinsa: "ƙayyade iyali" ya sha tofin Allah tsine, "tazarar haihuwa" ta shiga asibitoci da wa'azi.

Hajiya Rabi:
Ta shiga ne don ba suna kawai aka canja ba, Malam. Ƙayyadewa tana nufin a tsayar da adadi, tazara tana nufin uwa ta huta, yaro ya sha nono shekara biyu, abin da malamai suka riga suka sani. Ka sa sabon suna a kan tsohuwar manufa ka gani ko ungozoma za ta ɗauka. Dakta, tambaya gare ka: gwajin nan naka, in aka koma wa mutanen bayan mako biyu, nawa ne ke tuna kalmar?